Shekarar da Ban Kira Gayya Ba

Kwana takwas ke nan marka ta kafa mana zama. Ruwan ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Tabarma ta yi danshi, ashana ta ƙi kamawa, katangar bayan gida ta fara zubar da yaɓenta. 'Ya'yana sun ce in zauna a soro in huta tunda gwiwoyi sun gaji, amma zama ya gagare ni. Da na idar da sallar asuba sai in tsinci kaina a bakin kogi ina duba inda ruwa ya kwana. Shekaranjiya kuma wasu ɗaliban jami'ar nan ta Wudil suka zo da malaminsu, suna tambayar dattawa iyakar inda ambaliya take kaiwa, wai ana tunanin gina dam. Na ba su amsa daidai gwargwado, na yi musu addu'a. Tun da suka tafi nake kai da kawowa, domin an taɓa yi mana irin wannan zuwan.

Shekarar da soja suka koma bariki ce. Lokacin ba a kafa jami'ar ba tukuna, ni kuma ina da ƙarfina, shekara biyu da rasuwar mahaifina. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne ta wajen Dagumawa, kuma abin da muke ci a shekara daga fadama yake fitowa, domin tudunmu jigawa ce, geronta ba ya kai mutum ko'ina. Tsakanin shinkafarmu da kogi akwai jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa da kakanni suka tayar. Ba ta da wani kyan gani, amma ita ce ke tsaye tsakaninmu da yunwa.

Jingar nan a rabe take, kowane gida da kasonsa, kuma akwai dokar da muka tashi muka tarar. Ba mai ɗora ko da tafin ƙasa a kan kason wani sai mai shi ya buɗe baki ya yi kira. An ce a zamanin kakanni an sha shari'a a kan haka, don wanda ya gyara jinga yakan wayi gari ya ce gonar da ke bayanta ma tasa ce. Saboda haka aka yanke cewa taɓa kason mutum ba da izininsa ba, ko dai kana kwaɗayin gonarsa ne, ko kuma kana shaida wa gari cewa shi ba kowa ba ne. Kason gidanmu shi ne a daidai inda kogi ya yi lanƙwasa, inda ruwa ke dukan jinga da ƙirji. Shi ya sa tun fil'azal daga gidanmu ake fara kiran gayya, sannan a bi sauran gidaje ɗaya bayan ɗaya.

A bazara ake aikin, lokacin da zafi ya kai inda ya kai. Tun da hantsi yashi yakan hana mutum taka shi da ƙafa, iska ba ta motsi, ƙurajen zafi su cika bayan kowa. Masu diga su fasa busasshiyar laka, masu shebur su cika kwanon sarki, sauranmu mu ɗauka a ka mu hau. Tsofaffi su bi baya suna neman ramukan gafiya, su cusa ƙaya su danna yumɓu da diddige. Da azahar mata su aiko da fura da kunun tsamiya a manyan ƙore, a sha a gindin kanya ana tsokanar wanda ya fi kowa zuwa shan ruwa. Ranar ƙarshe a dasa jema a bisa don saiwarta ta riƙe ƙasar. Wahala ce tsantsa, kuma duk shekara sai mun yi mita, duk shekara sai mun yi.

To, a bazarar nan an gama zaɓe, ana jiran ranar rantsarwa, kowa bakinsa cike da abin da farar hula za su yi. Sai ga wata mota ta sauke safiyo da injiniya da masu ja musu igiya. Suka yi kwanaki suna leƙe cikin wani abu mai ƙafa uku, sannan aka kira taro a ajin firamare. Da yake na ɗan yi boko har aji bakwai, mai unguwa ya ce in zauna a gaba in riƙa gane mana. Da ma an ce wanda Allah zai jarraba, ta inda yake taƙama ake shigo masa.

Aka manna wata babbar takarda a allo. Ban taɓa ganin garinmu da kyau haka ba. An shafa shuɗi a inda tafkin zai kwanta can sama da mu, an ja layin madatsar, an zana hanyoyin da za su kawo mana ruwa da rani mu yi lambu. A gefen tafkin har da 'yan rumfuna da bishiyoyi da ƙananan jirage masu inuwa, wai mutanen birni za su riƙa zuwa shaƙatawa, su ci kifi, su sha iska. Dam ɗin zai riƙe ruwan damina, ya riƙa sako shi kaɗan-kaɗan, ambaliya ta zama labari. Zan faɗi gaskiya ko don in na mutu: injiniyan ya ce nazari suke yi, shiri ne, ya maimaita har sau biyu. Wani ɗan siyasa da ya rako su ne ya miƙe ya ce kafin marka katafila za ta iso. Ni kuwa kunnena ya zaɓi wadda ta fi daɗi ya riƙe.

Kawu Idi, wan mahaifiyata, yana zaune a bayan aji a kan bencin da ya yi masa kaɗan. Masunci ne kuma manomi, ya doshi saba'in, 'ya'yansa duk mata ne kuma sun yi aure. Ya ɗaga hannu ya ce yana da tambaya a kan jiragen nan. Wato mutum zai biya a zaga da shi cikin ruwa, a dawo da shi daidai inda aka ɗauke shi, bai kama ko tarwaɗa ɗaya ba? Aka ce masa haka ne. Ya ce to lallai birni akwai hutu. Ajin ya ɗauki dariya har da injiniyan, ni kaɗai na ji kunya, ina ganin tsohon nan zai zubar mana da mutunci a gaban baƙi.

Kafin su tafi suka kafa fegi a wurare da dama, na siminti mai ƙarfe a tsakiya, an shafa masa jan fenti da lamba. Ɗaya ya faɗo daidai a kan kasona. Safiyon ya dafa kafaɗata ya ce kada a cire shi, kada a binne shi, da shi za su gane awonsu in sun dawo. Na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Da yamma a ƙofar masallaci na saki baki. Na ce bana ba mai ɗaukar kwanon sarki, aikin banza ne mu tara ƙasar da katafila za ta baje nan da wata biyu. Na ce ni dai ba zan binne fegin gwamnati ba. Mai unguwa ya ce kowa ya yi abin da ya gani. Da yake daga gidanmu ake farawa, kuma gidanmu bai yi kira ba, sai gangar gayya ba ta fito ba a shekarar. Wasu suka ɗan lallaɓa nasu a ɓoye, wasu suka bi ni suka miƙe ƙafa.

Kason Kawu Idi yana manne da nawa, gonarsa kuma tana ƙasa da tawa, a kwari. Shi kaɗai ya yi nasa. Da sassafe zan hango shi ya ɗora kwano a kan gammo yana hawa a hankali, ya juye, ya tsaya ya dafa ƙugu, ya sauko. In rana ta take ya koma gida, da la'asar ya dawo. Wata rana ya kira ni ya nuna mini ramin gafiya a gindin kasona, bai fi taku biyar daga iyakarmu ba. Ya ce, "Sale, ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari." Na ce masa na gani, zan duba. Ban duba ba.

Ruwan shuka ya sauka da ƙamshin ƙasarsa, muka watsa iri. Rantsarwa ta zo, muka ji ta a rediyon mai shayi, aka yi ta tafi. Daga ranar na rasa sukuni. Ko ina tsakiyar noma, in na ji gurnanin babbar mota daga titi sai in saki fartanya in hau jinga ina leƙe. Sau nawa na taka har gadar Wudil don kawai in ga ko an sauke wani abu mai kama da katafila. Na je ofis a gari, aka ce ana kan shiri. Na koma, aka ce takarda tana sama. Na sake komawa, mai gadi ya gane ni tun daga nesa ya ce yallaɓan bai shigo ba. In na dawo sai in bi ta bayan gari don kada a tambaye ni, in kuwa aka tare ni sai in ce gobe ko jibi. Har yara suka fara kirana Gobe-ko-jibi, iyayensu na kwaɓarsu suna danne dariya.

Shinkafa kuwa ta yi kyau a shekarar, kyan da har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Ta yi kore shar, ta rufe ƙasa, in iska ta taɓa ta sai ka ji kamar ana shafa tabarma sabuwa. A gida rumbu ya kai gindi, kamar yadda yake kaiwa kowace damina, matata Hanne tana auna tsaba da tafin hannu, amma ba mu damu ba tunda abinci ga shi nan a tsaye a fadama. Hanne ce ta fara yi mini magana. Tana tankaɗe ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Malam, dama furar gayya ba ta gagare ni ba. Ka yi kira." Na ce mata in na tara mutane yanzu, da wane baki zan dube su bayan abin da na faɗa a ƙofar masallaci? Ta ce da bakin da na faɗa. Na ɗauki hulata na fita, na kwana biyu ina yi mata fushi.

Sai marka ta shigo. Sama ta rufe, kwaɗi suka hana mu jin maganar juna, itace ya jiƙe har tuwo yana warin hayaƙi. Kogi ya fara hawa, ya koma ja, yana tafe da kainuwa da rassan itatuwa daga yamma. Kullum da safe nakan soka kara a bakin ruwa, in na dawo da yamma ba na ganinsa. Shinkafa ta yi ciki, wata ta fara fitar da kai. A gindin kasona, ta ɓangaren gona, ƙasa ta fara tsatsar ruwa.

Kawu Idi ya same ni a wurin a tsugune. Ya ɗebi ruwan a tafin hannunsa ya duba, ya ce muddin abin da ke tsatsowa fari ne da sauran kwana, amma ranar da ya yi ja, to jingar ce da kanta take fita. Ya tsaya bai tafi ba. Ya gyara gammonsa, ya dubi kogi, ya dube ni. Na san abin da yake jira, wallahi na sani. Maganar ta zo har bakina, sai na ji kaina ina ce masa an tabbatar mini sati mai zuwa za su iso. Ya ce Allah ya kawo su lafiya, ya juya.

Dabarar da na yi ita ce in gyara ni kaɗai, ba wanda ya gani. Na jira Juma'a, ranar kasuwar Wudil, da maza suka watse wasu kara wurin cinikin dabbobi, wasu masallaci. Ranar ma har rana ta fito, ta buɗe tas, tururi na tashi daga ƙasa. Na ɗauki shebur da kwano na sauka fadama. Ina isa na ga ruwan da ke tsatsowa ya yi ja kamar kunun kanwa, kuma ba tsatsa yake ba, gudu yake. Na riƙa ɗibar laka ina dannawa, yana kwashewa. Na tuɓe riga na cusa, ya tofo ta. Laka jiƙaƙƙiya ba ta toshe rami, kowane yaro a garinmu ya san haka, busasshiyar ƙasar bazara ce ke yi, ita kuwa na bar ta ta wuce.

Wajen azahar na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Na yi tsalle gefe. Ba wata ƙara mai yawa ta yi ba, zama kawai ta yi, kamar raƙumi zai durƙusa. Fegin nan mai jan fenti ya karkata, ya kwanta, ruwa ya bi ta kansa. Kafin in ankara ɓarakar ta fi faɗin ɗaki, kogi ya shigo fadama da faɗinsa. Na ɗaga kai na hangi Kawu Idi tsaye a kan nasa kason, bai je kasuwa ba ashe. Nasa bai ko gezau ba. Ruwa ya bi ta bayansa ya gangara kwari, gonarsa ce ta fara nutsewa, kafin tawa ma.

Ruwan ya kwanta a fadama ya fi sati biyu. Da ya janye sai wari, warin ruɓaɓɓiyar shinkafa da ke bin mutum har cikin ɗaki, ga sauro ko da rana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da na samu sauƙi. A'a, sai a gaishe ni yadda aka saba, a tambayi gida, a tambayi iyali, a ce yaya ruwa, in ce ruwa ya yi gyara, kowa ya sunkuyar da kai ya wuce.

Yunwa ta shigo gari tun kaka ba ta ƙare ba. Ɗan geron tudu aka girbe, bai cika rabin rumbu ba. Aka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Hanne ta riƙa haɗa dusa da gari, ta yawaita tafasa da rama a rage tsaba, yara su ci su sha ruwa a kai. Danginta na Darki suka aiko da dawa a kan jaki, na karɓa ina kallon ƙasa. Kowa a garin ya zama masunci dare ɗaya, har kifi ya yi wuyar gani. Ni da sauƙi, ina da gonar tudu. Kawu Idi ba shi da ko taki ɗaya a tudu, daga fadama sai komarsa ta kamun kifi. Na ɗaure dami uku na gero na kai masa. Ya ɗauki ɗaya, ya ce in mayar da biyu, ina da ƙananan yara. Bai ɗaga maganar jinga ba, ni ma ban iya ba.

Da kogi ya ja baya sosai sai na ji wai Kawu zai bi masunta cirani gabas, wajen manyan tafkuna. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa yin wata guda a wani gari ba. Na roƙe shi ya zauna mu ci abin da ke akwai tare, ya ce baki biyu ne a gidansa, shi da Inna Abu matarsa, in ya tafi ya rage ɗaya, in ya samu ya aiko. Na raka shi tasha da safe, na ɗaukar masa komarsa da ƙullin kayansa. Mota tana cika, na ga in ban tambaya yanzu ba ba zan ƙara samun baki ba.

Na ce, "Kawu, taku biyar ne tsakaninmu. Ka ga ramin tun bazara. Me ya hana ka toshe shi?"

Ya ce, "Sau biyu na ɗebo ƙasa na zo har kan iyaka, na tsaya, na koma na juye a nawa. In na zuba a naka, gari zai ce ɗan ƙanwata ba kowa ba ne, ko a ce ubanka ya kwanta dama na sa wa gonarsa ido. Jira nake ka ce, Kawu, taya ni. Da yini ɗaya ya ishe mu, ni da kai."

Ɗan kamasho ya buga jikin mota, na miƙa masa kayansa ta taga. Ya ce in gaida Hanne, in riƙa leƙa Inna Abu.

Sau biyu ya aiko da busasshen kifi. Ana shiga bazara abokan tafiyarsa suka dawo da komarsa, suka ce zazzaɓi ne na kwana huɗu, an yi masa sutura a can. Har yau ban san inda kabarinsa yake ba. Safiyo da injiniya ma ban sake ganinsu ba, ban kuma riƙe su da komai ba, sun faɗi gaskiyarsu.

Bayan addu'ar bakwai mai unguwa ya sa aka fito da ganga, tunda ɓarakar ta zama ta gari duka. Ba wanda ya ƙi fitowa, har waɗanda yunwa ta sa suna ɗaukar rabin kwano. Kwana shida muka yi muna cike kasona. Da muka gama aka matsa gaba, aka iso kan kason Kawu Idi, wanda ruwa ya ɗan zaizaye gefensa. Sai masu kwano suka tsaya cirko-cirko da ƙasa a ka, domin babu mai shi da zai yi kira. Aka aika wa Inna Abu tana takaba, ta aiko cewa Sale ne ɗansa, ya tsaya musu. Mai unguwa ya juyo ya dube ni, jama'a duk suka dube ni.

Na hau kan ƙasar da tsohon nan ya ɗebo shi kaɗai, kwano bayan kwano. Na ce, "Jama'a, ku taya ni." Maganar ko numfashi ɗaya ba ta cinye ba.